Neman Mutum Na Bakwai a Bayan Dungas

Tun da na dawo daga Nijar, wadda mu a nan Birnin Kudu har gobe Faransa muke ce mata, ban sake zama a majalisa an bar ni na sha iska ba. Wannan ya ce yaya Faransa, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda, wani ma tambayata ya yi ko na ga teku. Na ba da labarin ya fi sau ashirin, kuma na lura duk wanda ya ji daga bakina sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, har ya zagayo ya dawo mini cewa wai an ɗaure ni a kan iyaka. Ba a ɗaure ni ba, allura aka yi mini. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da harkata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, aikina duba-gari. Ni ne mai leƙa randunan mutane da kwatarsu da masansu, ni ne mai kifar da naman da ya kwana a kasuwa. Ba a cika murna da sallamata a ƙofar gida ba, na kuma saba. Ban taɓa sha'awar yawon duniya ba, don a ganina ƙazantar garinmu ma ta ishe ni kallo. Tafiyar nan ba tawa ba ce, ta Baffa Sale ce.

Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Maruta ta ƙasar Gwaram. Ya yi soja, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da igiya biyu a hannu da lambar yabo a ƙirji, shi ya sa kowa Kofur yake ce masa. Dalilin lambar kuwa ba ɓoyayye ba ne: rana ɗaya aka yi wa rundunarsu kwanton ɓauna, ya riƙa komawa cikin ruwan harsashi yana goyo waɗanda aka harba, har mutum shida, duka suka rayu. Da ya dawo gida sai ya sa lambar a gwangwanin madara ya rufe, ya ɗauki fartanya ya koma gonar dawarsa. In ka tambaye shi yaƙi sai ya tambaye ka ko an yi ruwa a wajenku.

Abu ɗaya ne ya hana mutanen Maruta sakewa da shi. Tun da ya dawo bai taɓa sa kafaɗarsa a ƙarƙashin makara ba. Kowa ya san yadda muke yi: in an ɗauki mamaci ba a barin mutum huɗu su kai shi su kaɗai, kowa ya yi 'yan taku sai wani ya taɓa kafaɗarsa ya ce kawo, ya karɓa, don ladan ya zaga. Baffa yana zuwa salla, yana haƙa kabari har ya fi samari, amma da an ɗaga makara sai ya ja baya ya bi sahun ƙarshe, hannuwansa a baya. Magana ta yi ta yawo. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce gwamnati ta ba shi lamba don ɗaukar baƙi, yanzu ya fi ƙarfin ɗaukar na gida. Ba zan ɓoye ba, ni ma abin yana ba ni kunya, har nakan kauce masa a wurin jana'iza.

Bayan kakar bara mahaifina ya kwanta. Na kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, suka duba, suka ce mu koma da shi gida mu yi ta addu'a, mu kuwa mun san ma'anar wannan. Ran nan ina zaune a gefensa ya sa aka kira Baffa.

"Sale," in ji shi, "na ji jikina. Abu ɗaya nake roƙonka. Ranar da za a fita da ni, ina son kafaɗarka a ƙarƙashina. Kada a ce ɗan'uwana ya bi ni a baya kamar baƙo."

Baffa ya ce, "Yaya, ba ni kwana bakwai. Zan je Faransa in dawo."

"Ni ne mai ba da kwanaki?" in ji Baba. "Je ka. Habu, bi shi, kai ka iya karatun boko."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ubana yana kwance rai a hannun Allah, ni kuma an tura ni rakiyar mutumin da ko dalilin tafiyar bai ga damar faɗa ba. Amma ba a musu da mara lafiya, balle uba. Na nemi hutu a ofis, na ɗaure 'yan kayana.

Daga Maruta zuwa Gwaram a keke muka je, ni ina tuƙi, Baffa a baya rungume da jakarsa ta soja. A Gwaram muka sami akori-kura mai zuwa Birnin Kudu, an cika ta da buhunan gyaɗa da awaki uku da mutanen da ba su ƙirguwa. Wata mata ta miƙa wa Baffa jaririnta don ta gyara zama, sai ta ga ya iya riƙo ta bar masa shi har muka iso. A tasha mutane suka miƙo hannu daga ƙasa a ba su jaririn don ya sami sauka. Baffa ya ƙi. Da jaririn a hannu ɗaya ya dafa ƙarfen mota ya diro, sai da ya ga uwar ta tsaya da ƙafafunta sannan ya sa mata shi a hannu. A lokacin na ɗauka taurin kai ne kawai irin nasa.

Kano ba sai na ba ku labari ba, kun san yadda ta koma tun da kuɗin mai suka shigo. Ko'ina siminti, ko'ina sabuwar mota, direbobi kuma rabinsu har yanzu zuciyarsu tana hannun hagu ko da yake gwamnati ta mai da su dama. A tasha 'yan dako suka yi caa a kan jakar Baffa, ya ce musu ya gode, shi ma sana'arsa ce. Muka shiga kiya-kiya zuwa Gumel, daga nan wata babbar mota ta 'yan shanu ta kai mu Maigatari ranar Laraba da la'asar, jajiberin kasuwa.

Wani fatoma, wato mai saukar da fataken shanu, ya ba mu wuri a zaurensa tare da baƙi kamar goma sha biyar. Kafin in ajiye jaka, hannuna da kansa ya je ya ɗaga murfin randar da ke bakin ƙofa. Abin da na gani a ciki yana iyo, da a Birnin Kudu ne da maigidan ya kwana da sammaci. Fatoman yana tsaye a bayana.

"Malam, ƙishi kake ji?"

Na ce a'a, dubawa kawai nake yi.

"To kai baƙo ne ko hukuma? In baƙo ne ga moɗa, in hukuma ce ga ƙofa."

Na zaɓi zama baƙo. Na sha ruwan ido a rufe, ga shi kuma ina raye ina rubutu, abin da har yau ban san yadda zan bayyana wa shugabana ba. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, wanda ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Muna ci fatoman ya tambayi inda muka nufa. Nan na fara jin sunan wurin daga bakin Baffa: wani ƙauye a bayan Dungas, gidan su wani Lawali. Fatoman ya yi dariya ya ce Lawali a can kamar Audu ne a Kano, in ka kira ɗaya a kasuwa goma za su waiwayo. Baffa ya ce wannan ya yi soja a Nijeriya. Fatoman ya ce bai san shi ba, amma gobe akwai Landiroba mai komawa da 'yan kasuwa.

Iyaka ba abin da na zata ba ce. Na zaci katanga da ƙofa. Abin da na tarar shi ne gangar mai biyu da sanda a gicciye, ga wata akuya tana wucewa ta ƙarƙashi ba wanda ya tambaye ta takarda. Namu ma'aikatan suka dubi katin aikina suka ce Allah ya kiyaye hanya. A can ɓangaren kuma jandarmomi ne, wato 'yan sandansu, da wani malamin asibiti zaune a gindin bishiya da ɗan tebur. Shi ne ya ce in kawo katin allura.

Ni da na shekara tara ina bin mutane gida-gida ina tambayarsu katin allura, nawa yana Birnin Kudu cikin aljihun wata rigar. Na yi wa mutumin bayani cewa ni abokin aikinsa ne, na faɗa masa inda na yi kwas da sunan cututtukan da aka yi mini rigakafinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni da ladabi har na kai aya, sannan ya ce in naɗe hannun riga. Na sa ido sosai a kan yadda ya dafa allurar ko zan sami abin kushewa, ban samu ba, wannan ya ƙara ɓata mini rai. Baffa kuwa katinsa na nan a naɗe cikin leda tun na soja, ba abin da ya ɓace.

Wani jandarma tsoho mai furfura a gashin baki shi ya buɗe jakar Baffa. Ya ciro riga, ya ciro buta, ya ciro gwangwanin madara ya girgiza ya ji ƙara. Da ya buɗe ya ga lambar sai ya miƙe tsaye ya ƙame ya sara masa. Ashe shi ma tsohon soja ne, ya yi wa Faransawa yaƙi a wata ƙasa mai nisa.

"Me ka yi aka ba ka wannan?" in ji shi.

Baffa ya ce, "Dako."

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya gyaɗa kai, ya rufe gwangwanin da hannunsa, ya mai da shi ƙasan jaka, ya ɗaga mana sanda da kansa.

Daga nan babu hanya, sai sawun motar da ta wuce jiya. Mu a ƙasar Gwaram muna kukan laka da duwatsu, su rairayi ne ya ishe su. Landirobar ta kafe sau huɗu kafin azahar. Duk sanda ta kafe kowa ya sauka, a tona, a shimfiɗa wasu faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura, ba mai faɗa ba mai zagin direba. Wannan ya ba ni mamaki, don da a wajenmu ne da tun kafewa ta biyu an tambayi direban asalin kakansa. A ta huɗun wani abu ya karye a ƙasan motar, direban ya shige ƙarƙashi da guduma, mu kuma muka nemi inuwar wata aduwa. Hannuna ya fara kumbura, raina yana Maruta. Sai na kasa daurewa.

"Baffa, na bar ubana a kwance. Ko ba komai ina da hakkin in san abin da muka zo nema a cikin yashin nan."

Ya tsinci ƙwallon aduwa yana jujjuya shi. Ya ce, "Habu, takardar lambar nan mutum nawa ta ce?"

"Shida, Baffa. Kowa ya sani."

"Bakwai ne."

Ya ci gaba. "Lawali ne na bakwai. Mutumin nan ƙasar ne, ya tsallaka neman abinci ya shiga soja. Kwano ɗaya muke ci tun muna kurata. Harsashi ya farfasa masa cinya. Kafin in koma in ɗauko shi an janye sansani baya, sai na goya shi na bi hanya. Tun azahar nake tafe har rana ta yi sanyi. Sai ga wasu sojoji biyu, ba 'yan rundunarmu ba, ɗauke da ƙyauren ɗaki. Suka ce, Kofur, kawo shi, ka gaji. Lawali ya riƙe wuyan rigata. Ni da hannuna na ɓamɓare yatsunsa, na ɗora shi a ƙyauren. Na zauna in numfasa. Suna shan kwana igwa ta sauka."

"Ka je ka duba?"

"Na je. Ɓarin ƙyauren na gani, ban ga mutum ba. Na nema a asibiti babu sunansa, na nema cikin matattu babu. Shida na kai da kaina, shida sun rayu. Ɗaya na miƙa wa wani." Ya jefar da ƙwallon aduwar. "Duk sanda aka ɗaga makara na ji an ce wa mutum kawo, sai ƙafata ta ƙi tafiya. In na ɗauki Yaya ba zan iya sakinsa ba. In kuma na ƙi saki, na hana jama'a lada, na mai da jana'izarsa abin kallo."

Na ce to me za mu yi a garin su Lawali.

"In uwarsa tana da rai, in gaya mata da bakina cewa ni na sake shi, in bar mata gwangwanin nan. Shekara takwas na san sunan garin, Habu. Tsoro ya hana ni zuwa."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na tuna sau nawa na kauce masa a makabarta don kada a ce baffana ne. Daidai nan direba ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce a zo a tura.

Mun shiga Dungas bayan azahar muka tarar gari kamar an yi shara. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, gwamnati ce ta tafi barcin rana, ba ta dawowa sai wajen la'asar. Na yi niyyar kawo wannan shawara ofishinmu, daga baya na tuna mu muna yi tun tuni, ba mu dai rubuta a doka ba. Wani mai sayar da burodi ya sauke mu a zaurensa. Amsar masu tambaya ita ce e, burodin ya kai kamu biyu, bayansa kuma da tauri, ana ɗaukarsa a hammata ba ko takarda, abin da na kau da kai na yi kamar ban gani ba. Shayinsu a ɗan kofi ne wanda bai fi kurɓi biyu ba, sau uku ake zubawa, na farko ɗaci kamar maɗaci, in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Fura kuwa, wadda su hura suke ce mata, ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana. Ba su daɗe da fita daga fari ba, rumbunan da na gani yawancinsu wayam, amma ba gidan da muka zauna a ƙofarsa ba a miƙo mana ƙwarya ba.

Washegari Juma'a da sassafe muka sami amalanken shanu mai zuwa ƙauyen. Baffa ya sa wankakkiyar riga. Da hantsi muka iso bakin rijiyar garin. Irin zurfinta ban taɓa gani ba: sa ake ɗaura wa igiya, a kora shi ya yi ta tafiya har ya kusa ɓace maka sannan guga ta fito. Rijiyar ba murfi, na lura, amma ban ce komai ba, na fara koyon zama baƙo. A gefe ga wani mutum ƙaƙƙarfa a kan tabarma yana ɗinkin guga, ƙafarsa ɗaya, sandar dogarawa a kusa da shi. Baffa ya yi masa sallama, murya ƙasa-ƙasa, ya ce don Allah gidan su marigayi Lawali yake nema, wanda ya yi soja a Nijeriya, ko mahaifiyarsa tana da rai.

Mutumin ya ajiye basilla. Ya dubi Baffa daga hula har takalmi.

"Kofur Sale," in ji shi. "Kai ba ka mutu ba?"

Baffa, wanda aka ce ruwan harsashi bai sa shi durƙusawa ba, ya zauna daɓas cikin taɓon bakin rijiya da wankakkiyar rigarsa.

"Shekara takwas," in ji Lawali, "duk Juma'a sai na ba da sadakar hura da sunanka. Ko cikin fari ban fasa ba, tambayi mutanen gari. Ta yau ma an riga an dama. Ashe kana can kana cin tuwo lahiya lau. Ai ni da idona na ga igwa ta sauka a bayanmu, daidai inda muka bar ka zaune."

Baffa ya ce, "Lawali, na sake ka. Ka riƙe rigata na ɓamɓare hannunka. Ka yafe mini."

Lawali ya dube ni ya ce, "Wannan babanka ne? Malam, tun a bariki haka yake, ba ya jin magana." Sannan ya juya ga Baffa. "Rigarka da na riƙe, so nake in ce maka ka zauna, numfashinka ya koma kamar zugazugin maƙeri, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Da ba ka miƙa ni ba da mu biyu za a tsinta a bakin hanya."

Ya shiga lissafa mana da yatsu. Masu ƙyaure biyu, waɗanda suka faɗa kwalbati da shi da igwa ta sauka har ƙyauren ya tsage. Ɗayansu ya goya shi zuwa bakin titi. Wani direban soja Bayarabe ya ɗora shi a mota. Wasu mata biyu a wani asibiti, inda aka yanke ƙafar, aka kuma rubuta shi da sunan da ke jikin rigar da aka lulluɓe shi da ita, ya yi wata da watanni yana amsa sunan wani. Daga nan masu sa shi a jirgin ƙasa, masu sauke shi, har mai raƙumin da ya kawo shi ƙofar ɗakin uwarsa.

"Na ƙirga, don kwance nake ba ni da aikin yi. Mutum goma sha ɗaya suka ɗauke ni. Kai ne na farko, kai ka fi kowa nisa, kai kuma ka fi kowa girgiza ni. To so ka yi ka cinye ladana kai kaɗai? Sauran goman fa, su ba sa so?"

Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba sai ran nan. Ba ƙara, hawaye ne kawai suna bin gemu, masu ɗiban ruwa suka juya baya suka ci gaba da korar sansu. Ni ma sai na sami kaina ina duba igiyar rijiya da kyau kamar an aiko ni.

Ya ciro gwangwanin ya miƙa. Lawali ya buɗe, ya juya lambar gaba da baya, ya mayar masa. Ya ce shida ta ce, shidan kuma gaskiya ne, shi ba ya cikin lissafin gwamnati. Da lokacin masallaci ya yi Baffa ya durƙusa ya ce ya hau ya kai shi. Lawali ya ɗauki sandarsa ya ce, "Allah ya kiyaye, sau ɗaya ya isa." Muka sha furar sadakar Baffa tare da shi mai sadakar, ta kuwa yi daɗi. Uwar Lawali, tsohuwa tukuf, ta riƙe hannun Baffa ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa.

Sun so mu yi kwana uku, har an kama rago. Baffa ya ce yayansa yana jiransa, ya faɗa musu dalili. Lawali ya ce a saki ragon, a ɗaura wa sa amalanke yanzu. Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai motar ta kafe sau uku, kuma a kan iyaka malamin asibitin nan ya tambaye ni katin allura, na miƙa masa wanda ya rubuta da hannunsa, ya karanta shi tun daga sama har ƙasa.

Ranar kwana na bakwai da la'asar muka shiga Maruta. Tun daga bakin gari nake duban ƙofar gidanmu ko zan ga tabarmi a shimfiɗe. Babu. Baba yana nan, ya ƙara ramewa, idonsa biyu.

"Ka dawo, Sale?"

"Na dawo, Yaya."

"Za ka ɗauka?"

"Zan ɗauka."

"To madalla," in ji Baba. "Ni ma ba sauri nake ba."

Ya ƙara kwana goma sha tara. Ya sa na ba shi labarin allurar sau biyu, duk biyun ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar wata Asabar da safe Allah ya karɓi abinsa.

Da aka idar da salla aka zo ɗaga makara, Baffa ya fito daga cikin sahu ya kama gaba ta hannun dama. Na ji gari ya yi tsit. Aka ɗaga, aka kama hanya. Sauran kusurwa ukun ana ta canji, wannan ya karɓa wancan ya saki, amma kusurwar Baffa ba wanda ya matsa. Mutanen da suka shekara takwas suna maganarsa duk suka bi a baya suna kallon ƙasa. Muka wuce masallaci, muka wuce kukar bakin gari, ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi, yatsunsa sun ƙanƙame itacen. Na san in ban je ba babu mai zuwa.

Na matsa na taɓa kafaɗarsa. Na ce, "Baffa, kawo shi."

Bai saki ba. Ya yi taku ɗaya, biyu, uku, ina biye da shi hannuna a kafaɗarsa. A na huɗun na ji nauyin ubana ya sauko a kaina. Ban yi nisa ba wani ya taɓa ni, na ba shi. Da na waiwaya, Baffa bai koma sahun ƙarshe ba. Yana tafe a gefen makarar, leɓensa yana motsi, na ɗauka addu'a yake yi.

Bayan an rufe kabari an watse, muka rage mu biyu muna wanke hannu da sauran ruwan tulu. Ya ce, "Habu, mutum nawa suka ɗauke shi?"

Na ce ban ƙirga ba, Baffa.

"Ni na ƙirga. Talatin da huɗu." Ya yarfe hannunsa, ya ɗauki tulun ya saɓa. "Yaya ya fi Lawali."